Jitar Agadas Ta Zaga Duniya, Ta Kasa Shiga Kano

A shekarar 2008 wani matashin Buzu ɗan Nijar mai suna Mahamadou Souleymane ya sauka a Sakkwato da jitarsa, ya shiga ɗaya daga cikin situdiyoyin garin, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko. Aka yi masa irin aikin da ake yi wa mawaƙan fina-finan Hausa, gangar kwamfuta a ƙasa, murya kuma an bi da ita ta na'urar nan mai sa ta karkarwa irin ta 'yan nanaye. Ba a kai faifan kasuwa ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya riƙa yawo, ta Bluetooth da memori, har ya isa arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kaɗe-kaɗe, Christopher Kirkley, ya ji shi a wayoyin samari, ya bazama neman mai muryar. Wannan matashi shi ne Mdou Moctar. Yau idan mujallun kiɗa na Amurka da Ingila suna lissafa gwanayen jita da ke raye, da wuya su tsallake sunansa, kuma a 2024 shi da ƙungiyarsa sun hau dandalin Coachella a Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na duniya.

To ka shiga kasuwar waya a Kano ko Katsina, ko a Sakkwaton da ya fara, ka ce wa masu turi su sa maka waƙoƙin Mdou Moctar, ka ga irin kallon da za a yi maka. Na Indiya akwai, na Koriya akwai, na Legas har da waɗanda suka fito jiya. Na Agadas babu.

Masu son kiɗan rok a ƙasashen Turawa suna da wata muhawara da ba ta ƙarewa, wato wace ƙungiya ce aka fi zalunta, ta yi aiki mai kyau amma duniya ba ta kula ba. Wasu su ce Big Star ta Memphis. Wasu su kawo Death, 'yan'uwa uku baƙaƙen fata daga Detroit da suka ɗauki waƙoƙinsu a 1975, ba a fitar da faifan ba sai a 2009. Ni a wurina amsar tana arewa da mu, tafiyar da ba ta kai ta Kano zuwa Legas ba. Ƙungiyoyin jita na Agadas da Yamai su ne 'yan rok ɗin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma babban rainin daga wurinmu yake, mu maƙwabtansu da muke cin kasuwa ɗaya, muke auratayya, muke magana da harshe ɗaya.

Kiɗan nan a cikin wahala aka haife shi. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a tsakiyar 1980, ya ƙarar da dabbobin Buzaye, samari suka watsu Aljeriya da Libiya neman abin yi. A Tamanrasset ta Aljeriya, wajen 1979, Ibrahim Ag Alhabib, wanda sojojin Mali suka kashe mahaifinsa yana ƙaramin yaro lokacin tawayen 1963, ya haɗu da abokansa suka kafa abin da ya zama ƙungiyar kiɗa ta Tinariwen. Wasunsu sun shiga sansanonin horon soja na Gaddafi. Waƙoƙinsu a kaset suke yawo, wannan ya kwafa ya miƙa wa wancan. A ɓangaren Nijar, Abdallah ag Oumbadougou ne uban tafiyar, kuma a lokacin tawayen farkon 1990 riƙe kaset ɗinsa ma laifi ne. Ya rasu a 2020. Shi ne Mdou Moctar ya gani yana wasa tun yana yaro, ya koma gida ya harhaɗa jita da katako da wayar birkin keke, saboda gidansu gidan addini ne, babu mai saya masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya faru bayan sulhun da gwamnatin Nijar ta yi da 'yan tawaye a 1995. Bindiga ta kwanta, jita ta rasa yaƙin da za ta yi wa waƙa, sai ta koma gidan biki. A nan ta canza. Kiɗan Tinariwen na tafiyar raƙumi ne, a natse, da kewa a ciki. Samarin Agadas kuwa masu rawa ne a gabansu, ga kuma wata ƙungiyar a unguwa ta gaba tana neman ƙwace musu ciniki. Dole suka ƙara wuta. Suka jona jita da lantarki, suka kawo cikakkun ganguna, suka ninka gudu. Sun saurari Jimi Hendrix da Dire Straits, babu musu, Bombino, ɗaya daga cikin fitattun makaɗan jitar Agadas, da kansa ya sha faɗin yadda ya riƙa kallon bidiyonsu lokacin gudun hijira. Amma gasar gidan biki ce ta ƙera abin da ake ji yanzu.

Na taɓa tsayawa a gefen irin wannan fili a Agadas. An shimfiɗa dardumai a tsakiyar hanya, mata sun jeru zaune gefe guda da lulluɓinsu, maza a tsaye, 'yan babura sun yi wa wurin ƙawanya. Janareto yana bayan katanga yana tari. Lasifika biyu ne, duk sun ga duniya, wayar ɗayan ma da leda aka ɗaure ta. Waƙa ta fara a hankali, tafi yana biye. Mai jita na biyu ya kama wani ɗan gajeren zagaye ya riƙe, ba ya ƙari ba ya ragi, idonsa a ƙasa. Na gaba yana ta kewaye shi, ya hau ya sauko, ba da tsinken kaɗawa ba, da yatsa. Mai ganga kuwa yaro ne da bai kai ashirin ba, shi ne ɓarawon wurin, domin yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan yadda ba za ka lura ba, sai can ka ankara tafin da kake yi ya ninka na farko kuma ba ka san lokacin da hakan ta faru ba. Mai sanarwa yana kiran masu rawa bibbiyu, rabi da Buzanci rabi da Hausa. Ana tsakiyar haka janareto ya ɗauke. Babu wanda ya tsaya. Ganga ta ci gaba, tafi ya ƙara ƙarfi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wani ya ruga bayan katanga yana jan igiya. Da wuta ta dawo, jita ta faɗo daidai kan bugun da ake, sai ka ce da gangan aka shirya, ƙura ta turnuƙe fili. Waƙa ɗaya ta ci fiye da minti goma sha biyar, kuma mai jita bai yanke ta ba sai da ya ga masu rawa sun fara haki.

Babu faifan da zai ba ka wannan. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kiɗa ma a hannun mai shi. Shi ya sa duk wanda ya saurari waɗannan ƙungiyoyi minti biyu a waya ya ce ai abu ɗaya suke ta maimaitawa, ba na ganin laifinsa sosai. Maimaicin na masu rawa ne. Tsawon waƙa da zafinta a fili ake yanke su, tsakanin makaɗi da jama'a.

Etran de L'Aïr misali ne na irin haƙurin da ke cikin sana'ar. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da 'ya'yan baffanni, sun fara a 1995 da jita guda marar lantarki, gangarsu kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana dukanta da takalmi, abin da duk wadda ta san amada za ta gane nan take. Bikin talakawan bayan gari suke yi, waɗanda ba su da kuɗin ɗauko manyan suna. Sai a 2018 faifansu na farko ya fita waje, bayan shekara ashirin da ɗoriya suna kaɗawa a ƙura. Yanzu suna zaga Turai da Amurka. Akwai kuma Les Filles de Illighadad, daga wani ƙauye a yankin Abalak, inda Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da ta yayanta, ta haɗa ta da tende, kiɗan turmi na matan Buzaye. A al'adarsu tende na mata ne, jita ta maza. Ita ta riƙe biyun.

Wanda zai ce ai matsalar harshe ce, ba ma jin Buzanci, sai in tambaye shi yaushe ya koyi Indiyanci. In ma an bar wannan, ga Tal National a Yamai, waɗanda suke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, har da kalangu a cikin kayan kiɗansu. Jagoransu, Hamadal Issoufou Moumine da ake kira Almeida, ma'aikacin kotu ne da rana, tsohon ɗan ƙwallo, makaɗin jita da dare. An san su da wasan awa biyar a tsaye, dare biyar a mako, kuma saboda yawan gayyata sukan raba kansu gida biyu su yi wasa a wuri biyu a dare guda. Kiɗansu yana da sarƙaƙiya, bugu yana shiga cikin bugu, su juya kai gaba ɗaya a lokaci guda ba tare da wani ya kalli wani ba. Wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka shekara suna wasa tare kusan kullum. Wani kamfani na Ingila, FatCat, shi ya fitar da faifansu a duniya a 2013. Ƙungiya ce mai waƙa da Hausa, a birnin da ɗan Birnin Kebbi zai karya kumallo a gida ya kwana a can, amma ban taɓa jin an sa su a motar haya a wannan gefen iyaka ba.

Dalili na farko ba shi da daɗin faɗa. A idon mutanen biranenmu da yawa, Buzu maigadi ne, mai rawani da takobi da butar shayi a bakin get. Mutumin da ka saba gani yana buɗe maka ƙofa, da wuya zuciyarka ta yarda ɗan'uwansa ne ake sayen tikiti a Landan don a kalla. Mun manta, ko ba a koya mana ba, cewa a Kano akwai unguwar Agadasawa, cewa turkuɗin da Buzaye ke taƙama da shi a Kura aka daɗe ana rina shi, cewa ayarin gishirin Bilma ƙarni da ƙarni yana sauka a kasuwanninmu, cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas neman ilimi. Yau ma Hausa ce harshen kasuwar Agadas.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma shi ya fi damuna. Kunnenmu ya daina sabawa da kiɗan da ake yi a gabanmu. Iyayenmu sun ga Shata a tsaye da 'yan kalangunsa, yana ƙirƙirar baiti nan take saboda wani ya shigo fili. Sun ga Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana riƙe taro shi kaɗai. Sun ga Barmani Choge da matanta da ƙorensu. A Kaduna Bala Miller ya riƙe cikakkiyar ƙungiya mai jita da ƙahonni yana waƙa da Hausa. Daga ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya shigo situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya zama shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge. Yanzu ka je dina, mawaƙi zai iso da filas a aljihu ya miƙa wa DJ, ya riƙe makirfo yana mamin, ba ya buɗe murya da gaske sai in zai kira sunan hajiyar da ta taso liƙi. In wuta ta ɗauke, shi ke nan, kowa ya koma kujera ya ciro waya.

Ba ina zagin nanaye ba ne. Akwai masu murya da hikima a cikinsu, kuma Mdou Moctar kansa son wannan sauti ne ya kawo shi Sakkwato. Na kuma san lissafin, ɗaukar mutum ɗaya da filas ya fi sauƙi a kan ciyar da makaɗa takwas da jigilar kayansu. Amma abin da aka yi asara ba ƙarami ba ne. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin yatsa a kan tsirkiya ba, bai taɓa jin makaɗi ya yi kuskure ya gyara a gaban jama'a ba, da me zai auna gwanintar Bombino? A wurinsa duk sauti daga kwamfuta yake fitowa, wanda ya fi tsabta shi ya fi kyau. Kiɗan Agadas kuwa ba shi da tsabta, lasifika tana kuka, jita tana ƙara, kuma daɗin a nan yake.

Sai batun addini, wanda ba zan yi kamar ban san da shi ba. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma mutumin da ya ɗauki fatawar haramci ya kauce wa kiɗa gaba ɗaya, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Da wanda nake shi ne mai liƙa wa DJ kuɗi ranar Asabar, ranar Lahadi kuma ya ga saurayi da jita ya ce ɗan iska ne. Sunan rok yana kawo wa mutane hoton Bature mai dogon gashi da kwalba a hannu, alhali makaɗan da nake magana a kansu Musulmi ne 'yan'uwanmu, da rawani suke hawa dandali. A watan Janairun 2010, da Bombino ya dawo daga gudun hijira a Burkina Faso, bayan tawayen 2007 da aka hana jita aka kuma kashe abokan kiɗansa biyu, a gindin babban masallacin Agadas aka yi taron murnar zaman lafiya, da amincewar Sarkin Abzin. A ɗaya gefen kuma mun ga waɗanda suka haramta kiɗa da bakin bindiga a arewacin Mali a 2012, har bikin hamada da ake yi a yankin Tumbuktu ya mutu tun daga lokacin. Kowa ya san abin da suka kawo wa mutanen yankin bayan sun kashe lasifiku.

A kuma duba abin da waƙoƙin ke cewa. Mdou Moctar yana waƙa a kan yuraniyom ɗin Arlit da kamfanonin Faransa suka haƙa tun 1971 suna haska biranensu, alhali ƙauyukan da ke kusa da ramin suna kwana a duhu. Yana waƙa a kan harshensu da yara ke bari, da halin da mata ke ciki, da shugabannin Afirka da suka sayar da mutanensu. Maganganun da samarinmu ke yi a Facebook kullum ke nan. Da juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya auku, shi da abokansa suna tsakiyar zagayen wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can, sai da masoyansu suka yi musu karo-karo.

Turawan da suka karɓe su ma ba su bar su haka ba, nasu rainin da ladabi yake zuwa. Tasirin dai a bayyane yake. Robert Plant na Led Zeppelin ya je har Essakane a yankin Tumbuktu a 2003 ya yi wasa a bikin hamada. Tinariwen sun buɗe wa Rolling Stones fili a Ayaland a 2007. Dan Auerbach na Black Keys ya ɗauki Bombino zuwa Nashville suka yi faifan da ya fita a 2013. Bayansu ga Tamikrest da Imarhan da Songhoy Blues sun taso. Amma da aka zo ba Tinariwen kyautar Grammy a 2012, a rukunin "kiɗan duniya" aka ba su, wato kwandon da ake zuba duk abin da ba na Turawa ba. Da aka sa sunan Bombino a takarar 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan, a wannan kwandon dai aka sa shi. Mutum yana riƙe da jitar lantarki, da mai bes da mai ganga a bayansa, yana abin da da yawa daga 'yan rok na yanzu ba za su iya ba, amma tunda ya naɗa rawani sai a ajiye shi kusa da masu busa sarewar gargajiya, a riƙa tambayarsa labarin raƙuma. Mdou Moctar ya ɗan fasa wannan katanga da ya shiga Matador, kamfanin da aka sani da 'yan rok zalla, faifansa na 2021 kuma ya shiga jerin fitattun shekara a jaridu da dama. Duk da haka ina ganin nasu laifin bai kai namu ba. Su aƙalla sun sayi tikiti.

Abin da nake so a yi ba shi da wuya. Gidajen rediyon Kano da Katsina da Sakkwato suna da sa'o'in da suke cikewa da waƙoƙin da kowa ya riga ya haddace, rabin awa a mako ga makaɗan Nijar ba za ta rage musu komai ba. Jami'o'inmu suna makon al'adu duk shekara. Attajiran da ke ɗauko mawaƙa daga Legas a jirgi don bikin 'ya'yansu, su gwada aika mota Agadas ko Yamai sau ɗaya. Na san hanya ba lafiya, na san dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami tun 2023, Nijar ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma shanu da albasa da wake ba su daina ƙetare iyakar ba, kuma ban ga abin da zai hana jita uku da ganga ba.

Nijeriya ta taɓa yin irin wannan sakaci. Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, ƙasar ta cika da ƙungiyoyin rok: Funkees daga Aba, BLO a Legas waɗanda membobinta suka zaga da Ginger Baker, shahararren mai ganga ɗan Ingila, Ofege da 'yan makarantar sakandaren St. Gregory's suka kafa suna tsakiyar karatu. Aka yi yayinsu, aka watsar, faya-fayan suka ruɓe a ɗakunan ajiya. Sai a 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattara wasu ya sake bugawa, a 2016 Now-Again na Amurka ya biyo da nasa. Ɗan Nijeriyar da ke son jin abin da iyayensa suka kaɗa a Legas da Aba, yau daga waje zai saya. Faya-fayan Etran de L'Aïr da na Les Filles de Illighadad ma a birnin Portland na Amurka kamfanin da ke fitar da su yake.